Mekatironik ko lantarki: amsa ga ɗalibin da ya ci bak a Maraɗi

"Assalamu alaikum injiniya. Ni ɗan Maraɗi ne, bana na ci bak D. Tun ina kwalej nake son harkar injuna da kwamfuta, kuma na ji akwai wani fanni wai shi mekatironik da ya haɗa su duka, har da ƙera mutum-mutumi. Mahaifina ya ce bai taɓa jin sunan wannan karatu ba, ya fi son in yi gine-gine ko lantarki tunda an san aikinsu. In nace a kan mekatironik ne ko in bi maganarsa? A ina ake karanta shi, kuma in na gama wa zai ɗauke ni aiki a Nijar?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah ya sa wa bak ɗin nan albarka. Tambayarka kashi uku ce: mene ne mekatironik, ina ake koyonsa, kuma wa ke biyan wanda ya koye shi a ƙasar nan. Ta ukun ce ke damun Baba, kuma ita ya kamata ta fi damunka, don haka a kanta zan fi daɗewa. Bari in faɗa maka matsayina tun yanzu. Aikin da kake sha'awa yana nan, ana neman masu iya shi ruwa a jallo, sai dai a Nijar ba kasafai ake nemansa da sunan mekatironik ba. Wanda ya riƙe lantarki ko kanikanci da kyau, sannan ya ɗora ilimin sarrafa injuna a kai, ya fi samun shiga a kan wanda ya zo da takarda mai babban suna alhali hannunsa bai taɓa kwance moter ba.

Abin da fannin ya ƙunsa

Mutum-mutumin da kake gani a bidiyo ɗan ƙaramin yanki ne na lamarin. Sunan ya fito ne daga kamfanin Yaskawa na Japan a 1969, zamanin da injunan masana'anta suka fara samun na'urorin lantarki masu sarrafa motsinsu. Amma ba sai ka je Japan ba kafin ka ga abin da idonka. Shiga kowane gidan pir wata a garin nan ka tsaya gaban injin da ke ɗura ruwa a leda.

Moter guda ke juya komai. Yana jan ledar daga naɗinta, wani ƙarfe ya lanƙwasa ta ta zama kamar bututu, wani ƙarfe mai zafi ya liƙe gefenta a tsaye, famfo ya turo ruwa daidai awo, sannan muƙamuƙai biyu masu zafi su matse a kwance, su liƙe, su yanke. Inji mai lafiya yana fitar da wajen leda 2000 a awa. To, zafin waɗannan ƙarafa ba da ka ake riƙe shi ba. Akwai sond manne a jikinsu yana auna zafin, yana aika labari zuwa wani ɗan akwati, akwatin kuma yana kunna wutar ɗumamawa yana kashewa don zafin ya tsaya inda aka ce. In zafi ya yi ƙasa, leda ta riƙa yoyo. In ya yi sama, ta narke ta manne. In lokacin matsewa ya goce da na zubo ruwa, ruwan ya shiga wurin liƙi ya sanyaya shi, sai ka ga yoyo alhali akwatin zafi yana nuna komai lafiya.

Kowane inji irin wannan, daga na pir wata har na matatar mai, abu uku ne ke zagayawa a cikinsa: wani abu yana aunawa, wani yana yanke shawara, wani yana motsawa, sannan a sake aunawa. Masu aunawa su ne kaptar iri-iri, na zafi, na nauyi, na ƙarfin turin ruwa, na haske. Mai yanke shawara a masana'anta shi ne otomat, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, wanda masu Ingilishi ke ce wa PLC. Masu motsi kuwa moter ne da famfo da silinda mai aiki da iska ko da mai. Mekatironik shi ne mutum guda ya san zagayen nan gaba ɗaya.

Amfaninsa ranar da inji ya tsaya ake gani. Makanike ya duba ya ce matsalar wuta ce, mai wuta ya gwada ya ce wuta na zuwa, matsalar ƙarfe ce, mai gida kuwa yana tsaye yana lissafin asara. An taɓa kira na wata ƙaramar masana'anta inda inji ya kwana da kwanaki a tsaye, ana jiran wani gwani daga Kano. Da na buɗe akwatin sarrafawa, fitilar otomat ɗin da kanta tana nuna cewa saƙon kaptar guda ba ya isowa. Ƙura ce ta rufe idon kaptar ɗin. Babu wanda ya gaza a sana'arsa cikin waɗanda suka riga ni dubawa, kawai ba wanda ya koya musu karanta waɗannan fitilu.

Abin da za ka tarar a aji

Shekarun farko lissafi ne da fizik, kuma nan ne masu son mutum-mutumi da yawa ke karaya. Deribe da entegiral da nombar kwampileks da kuka yi a tarminal ba ado ba ne, da su ake lissafin wutar da ke zuwa gidajenmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Za ka yi ƙarfin ƙarafa, zanen injuna, moter da taransifoma, elektironik, rubuta firogiram da yaren C ko Python, sai kuma darasin da muke ce wa otomatik, wanda shi ne zuciyar fannin. A nan za ka san yadda ɗan akwatin zafin nan ke tunani: yana duba nisan zafin daga inda ake so, da tsawon lokacin da ya yi a goce, da saurin da yake canzawa, sannan ya yanke yawan wutar da zai bayar. Wannan shi ne PID, kuma za ka same shi a kusan duk masana'antar da ka shiga.

Da bak D za ka iya, amma ka sani abokanka masu C sun fi ka nisa a lissafi, waɗanda suka fito daga lise teknik Ɗan Kasawa da bak E ko F kuwa sun riga ka sanin zanen fasaha da aikin atelye. Giɓin yana cikuwa a shekarar farko in ka yarda akwai shi.

Raunin fannin a faɗinsa yake. Shekarun da ɗalibin lantarki zai ƙarar a kan lantarki kaɗai, kai za ka raba su gida uku ko huɗu. A makaranta mai kayan aiki da malamai ƙwararru, rabon nan yana haifar da injiniya na gaske. A makarantar da ba ta da su, sai a yaye yaron da ya ji sunan komai bai iya komai ba, taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu. Shi ya sa nake cewa ko da mekatironik ɗin ka shiga, ka zaɓi ƙafa guda da za ka tsaya a kai, wadda in an tashe ka cikin dare za ka amsa tambayarta.

Inda ake koyo

A gida, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da IUT, cibiyar koyon fasaha, mai sassan lantarki, kanikanci da gine-gine. Kana cin tuwon gidanku kana karatu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne in an zo lissafin kuɗi. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, wadda ake shiga da kwankur, kuma manyan kamfanonin ƙasar nan sun san ɗalibanta. In kana neman abin da ya fi kusa da mekatironik a tsarinmu na Faransanci, nemi sunaye irin elektiromekanik, otomatizim, ko kwamfutar masana'antu. Abin da ke cikinsu kusan ɗaya ne da abin da kake nema.

A Najeriya, Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashe mai sunan mekatironik, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana ba da digirinsa. Shekara biyar ake yi, da watannin aiki a masana'anta a ciki. Kano kusa take da mu, Hausa kuma za ta fisshe ka a kasuwa da gidan haya, amma a aji Ingilishi ne zalla, kuma sai an daidaita bak ɗinka da tsarinsu. Ka kuma tuna an rufe iyaka daga Agustan 2023 har Maris 2024, ɗalibai da yawa sun ji jiki a lokacin. Ba hana ka nake ba, riba guda babba ma tana can: takardun bayanin injuna galibi da Ingilishi suke zuwa, ko da injin daga Sin ya fito. Wanda ke karanta Faransanci da Ingilishi duka ya fi abokinsa daraja a wannan sana'a.

Sai burs na ƙasashen waje irin Maroko, Aljeriya da Turkiyya, waɗanda wasunsu ke bi ta hukumar ANAB. In makinka ya kai, ka nema. Waɗannan ƙasashe suna da masana'antu na gaske, Maroko har motoci take haɗawa a Tanja da Kenitira, don haka wurin istaj ba ya wahala.

Makarantu masu zaman kansu kuwa, a yi hattara. Rubuta mekatironik a allon ƙofa ba ya cin kuɗi, sayen kayan koyarwa ke ci. Kafin Baba ya biya ko dala, ka je da ƙafarka ka ce a nuna maka ɗakin gwaji. Otomat nawa gare su, kuma suna aiki? Akwai benci na moter mai layi uku? Akwai injin sassaƙa ƙarfe? Ɗalibai na taɓawa ko kallo suke? Ka nemi ɗan shekarar ƙarshe ka tambaye shi inda ya yi istaj da abin da ya haɗa da hannunsa. Sannan ka tabbatar gwamnati ta amince da takardar, in an samu amincewar CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'o'i, ma ya fi, don ranar da za ka nemi aikin gwamnati ko ci gaba da masta a wata ƙasa, wannan za a fara dubawa.

Wa ke ɗaukar aiki

Ka ware lokaci ka bi sanarwoyin neman ma'aikata da ke fitowa ta ANPE, hukumar samar da aikin yi, da jaridu. Za ka ga ana neman mai elektiromekanik, mai kula da injuna, mai otomatizim, mai na'urorin awo. Jami'in da ke tace takardu yana da jerin sunayen difulom a gabansa, in naka bai yi kama da su ba yana iya ajiye shi gefe tun kafin injiniya ya gani. Gaskiyar Baba ke nan, ko da bai faɗe ta haka ba.

Manyan wuraren sanannu ne. NIGELEC tana da tashoshi da manyan injunan bayar da wuta, ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, cike take da kaptar da bawul masu sarrafa kansu. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, yana da tashoshin turawa a hanya. Akwai SONICHAR mai kwal a yankin Agadas, da masana'antar siminti ta Malbaza, da kamfanin ruwa, da kamfanonin waya masu dubban eriya, kowace da batura da janareto ko sola. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, in ya kammala zai buƙaci masu kula da sigina da injuna. Sai dai kada ka gina rayuwarka a kan kamfani guda. COMINAK ta Arlit, mai haƙar uraniyom, ta rufe a Maris 2021 bayan shekaru sama da arba'in, ƙwararru da yawa suka koma neman wani wurin.

A irin waɗannan wurare, aikinka kula da inji ne da gyara shi da inganta shi. Ƙera sabo daga tushe kaɗan ne ƙwarai, injunan daga Sin, Turkiyya, Indiya da Turai suke zuwa. Wasu samari na jin haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, ni kuwa ina ganin nan ilimin yake. Misali, za ka tarar yawancin kaptar na masana'anta suna aika saƙo da wuta tsakanin miliampa 4 zuwa 20. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Don in waya ta tsinke a ga sifili a san tsinkewa ce, ba tanki ne ya ƙare ba. Irin waɗannan dabaru ɗaruruwa ne, kuma a gaban inji ake sanin daɗinsu.

Kasuwar da ta fi girma a Maraɗi kuwa ba ta buga sanarwa. Ita ce ta ƴan kasuwa da manoma da masu asibiti da suka sayi inji babu mai duba musu. A nan na fi yin aiki, don haka zan ɗan tsaya.

Ɗauki famfon sola na rijiyar burtsatse, wanda yanzu ya cika ƙauyuka da lambuna, daga Jiratawa har Madarunfa. Faifan sola na ba da wuta marar juyawa, akwatin da muke ce wa bariyater ya mai da ita mai layi uku, yana ƙara gudun moter yana ragewa gwargwadon ƙarfin rana. Moter ɗin yana can ƙasa cikin ruwa, kuma ruwan ne ke sanyaya shi. In an zaɓi famfon da ya fi ƙarfin rijiyar, ruwa ya ja baya, moter ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Maganinsa ɗan sond ne a cikin rijiya da wani mai iyo a cikin shato, da saitin bariyater daidai. Kayan ba su da tsada in an gwada da kuɗin famfo, amma sau da yawa ba a sa su, don wanda ya haɗa aikin ya san jan waya bai san lissafin ruwa ba. Ga kanikanci, ga lantarki, ga sarrafawa, duk a rami guda.

Haka motocin da suka shigo ta Kwatano. Kowace tana da ƴar soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Garaji da yawa sun sayi na'urar, amma lambar da take nunawa alama ce kawai. Tana iya ambaton kaptar ɗin hayaƙi, a sayo sabo a sa, fitilar gargaɗi ta sake kamawa, ashe wani tiyo ne ya tsage iska ke shiga. Yaron da ya fahimci abin da kwamfutar motar ke aunawa da dalilin aunawar zai ci abinci a wannan gari. Ka ƙara da injunan asibiti da na ɗakin gwajin jini, injunan matsar man gyaɗa, na buga bulo, ɗakunan sanyi, da na'urar da ke tayar da janareto da kanta in an ɗauke wuta.

Wani abu da littattafan Turai ba sa nanatawa shi ne yanayinmu. Na'urorin sarrafawa da yawa an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 50 ba. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40 a nan, to ina ga cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano? Sai ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wuta mai hawa da sauka, da tsawa a damina. Rabin gyaran da nake yi daga waɗannan huɗun yake fitowa. Injiniyan da ya san ya ba akwati iska, ya sa matatar ƙura, ya kafa ƙarfen ƙasa da kyau, ya fi wanda ya iya dogon firogiram amfani ga mai inji.

Da ni ne kai

In ka samu burs zuwa makaranta mai kayan aiki, ko Baba na da halin ɗaukar nauyin shekara biyar a Kano ko Zariya kuma Ingilishinka zai ɗauka, shiga mekatironik kai tsaye, ka jingina ga ɓangaren lantarki da otomat. In babu ɗayan biyun, shiga lantarki ko elektiromekanik a IUT ko EMIG ba tare da jin ka faɗi ba. Ka zaɓi istaj da aikin ƙarshen karatu a kan sarrafa injuna, in ka so ka yi lisans ko masta a mekatironik daga baya. Na fifita lantarki a kan kanikanci don abu ne da ba a gani da ido, koyonsa ba malami yana da wuya kuma yana da haɗari, alhali kanikanci kana iya tsintar da yawa daga cikinsa a atelye. Abokan aikina na ɓangaren kanikanci za su yi gardama a kan wannan, kuma suna da hujjarsu. Gine-gine sana'a ce mai kyau, amma ba ita ce a ranka ba, kuma ba ta haɗa hanya da abin da kake so.

Ka lura, ni mutumin gyara da haɗa injuna ne a kasuwar Nijar, da wannan idon nake magana. Wanda burinsa bincike a jami'a ko aiki a masana'antar waje, lissafinsa daban ne, sunan mekatironik ma yana iya yi masa rana a can. Sharuɗɗan shiga da kuɗin makaranta da ranakun kwankur kuwa suna canzawa kowace shekara, ka karɓe su daga ofishin makarantar da kanta.

Game da Baba, kada ka je masa da maganar mutum-mutumi. Ce masa lantarkin da ya ce shi za ka yi, amma irin na injunan masana'anta da famfunan sola. In da hali ka raka shi wurin wani abokinsa mai gidan pir wata ko mai injin matsar mai, a tambayi mutumin nawa yake kashewa in ya kira mai gyara daga Kano.

Kafin a koma makaranta, nemi izini ka riƙa zuwa wurin masu naɗin moter ko masu haɗa sola, ko da share wuri za ka fara da shi. Sayi mita ta gwajin wuta da ɗan allon Arduino, ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa firogiram, wanda da bolt 5 yake aiki, ba zai cuce ka ba. Haɗa abu guda mai amfani: bokiti biyu, ƙaramin famfo, da kaptar da zai kashe famfon in na sama ya cika, ya kuma hana shi tashi in na ƙasa ya ƙafe. Za ka ga yana kunnawa yana kashewa ba ƙaƙƙautawa in ruwa ya zo daidai bakin kaptar, kuma neman maganin wannan shi ne darasinka na farko a otomatik. Wutar NIGELEC ta 220 da ta 380 kuwa kada ka kusance ta sai da babba a gefenka, kuma ko an kashe wuta kada ka sa hannu cikin bariyater nan take, kondansatocinsa suna riƙe da wuta mai kisa na wasu mintoci.